Ina Aka Rubuta Sunan Kakanka?

Idan ka zauna da dattawa a Yalwa, ko Rurum, ko Tarai, ko wani ƙauye na ƙasar Rano da Kibiya, ka ce su ƙirga maka iyaye, za ka sha mamaki. Wane ɗan wane, ɗan wane, har a kai ga wanda ya sari dajin ya kafa gidan, a nuna maka kukar da ya tarar da rijiyar da ya haƙa. Amma a cikin ikkilisiyoyinmu na ƙasar Hausa akwai gidajen da ƙirgarsu takan tsaya a suna na biyu ko na uku. Daga nan sai a ce maka, "Ai shi a hannun Turawa ya girma," ko kuwa, "A Roni aka rene shi." Shi ke nan, magana ta ƙare, wanda ya matsa da tambaya kuma a ce ya cika bin ƙwaƙƙwafi.

Wani zai ce mene ne amfanin tonon abin da ya wuce. To, a tambayi yaron da ya je neman takardar shaidar asali domin shiga makaranta ko ɗaukar aiki, aka ce ya faɗi garin kakansa da dagacin da ya san gidansu, ya tsaya yana kallon ƙasa. A tambayi waɗanda rabon gona ya haɗa, ko iyayen da aka zo neman auren 'yarsu suka aika a binciko asalin saurayi. Mu da muka saba karanta jerin sunayen kakanni a farkon Bisharar Matiyu bai kamata wannan tambaya ta zama baƙuwa a gare mu ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen yau shi ne, akwai mutane a Ingila da suke da irin wannan giɓi a tarihin gidansu, sun kuwa sami hanyar cike shi. Labarinsu ya yi kama da namu ƙwarai, ko da yake nasu a kan ruwa ya faru.

Yaran da suka girma a kan ruwa

A ƙarni na 18 da na 19 manyan biranen Ingila sun cika da yara marasa galihu, marayu da 'ya'yan matalauta masu kwana a titi. Ƙasar kuwa tana bukatar matuƙan jirgin ruwa domin ciniki da yaƙi. Sai aka haɗa matsalolin biyu wuri guda. Wata ƙungiya da wani ɗan kasuwa mai suna Jonas Hanway ya kafa a Landan a 1756 ta sayi jirgi a 1786, ta ɗaure shi a Kogin Tems, ta zuba yara a ciki ana koya musu aikin teku. Daga baya abin ya yaɗu. Gwamnati takan ba da aron tsofaffin jiragen yaƙi na katako waɗanda suka gama aiki, a ɗaure su a bakin kogi, su zama gida da makaranta gaba ɗaya. Lod Shaftesbury, wanda ya yi suna wajen taimakon yaran talakawa, ya samo jirgin Chichester a 1866, aka ƙara da Arethusa a 1874. A Libaful akwai Akbar da Clarence, waɗanda alƙalai ke tura wa yaran da aka kama da laifi. A Sikotilan akwai Mars, wanda ya zauna a Kogin Tay daga 1869 har 1929.

A lura da abu ɗaya: jirgin ba ya zuwa ko'ina. Yaro yakan shiga yana da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ya yi shekara biyu ko uku ko fiye yana hangen gari daga nesa. A ba shi lamba, a aske masa kai, a sa masa kayan sarki. Ya kwana a raga da ake ratayewa, ya tashi da asuba ya wanke daɓen jirgi, ya koyi ƙulla igiya da hawan dogayen itatuwan jirgi da iyo da ɗinki da gyaran takalmi, waɗansu kuma su koyi busa da kiɗan badujala. Bulala ba ta da wuyar samu. In ya gama a tura shi jiragen ciniki ko na yaƙi ko cikin soja.

Rayuwar tana da haɗari. Ranar 22 ga Disamba 1875, ana saura kwana uku Kirsimeti, fitilar kananzir ta faɗi a cikin jirgin da ake kira Goliyat, wanda ke ɗauke da 'ya'yan matalautan Landan sama da 400. Wuta ta cinye shi ƙurmus, mutum wajen ashirin suka rasu, kusan dukansu yara. Aka kawo wani jirgi mai suna Exmouth ya maye gurbinsa. Clarence kuwa yaran cikinsa ne da kansu suka cinna masa wuta a 1884, wanda aka kawo a madadinsa ma suka ƙone shi a 1899. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ba kowane yaro ne ya ɗauki zaman nan a matsayin alheri ba.

Da yawa daga cikinsu da suka girma ba su taɓa gaya wa 'ya'yansu ba, gama abin kunya ne a ce mutum ya fito daga gidan matalauta ko hannun alƙali. Amma takarda ta tona asiri. Masu kula da jiragen sun riƙe manyan littattafai inda suke rubuta sunan yaro, da shekarunsa, da wanda ya kawo shi, da halinsa, da inda aka tura shi bayan ya fita. Littattafan ƙungiyar Hanway suna gidan tarihin jiragen ruwa na Girinic, na Exmouth kuma suna ma'ajiyar takardun birnin Landan. Ban da haka, ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma takan rubuta mutanen cikin jirgi suna bayan suna, kamar mutanen gida ɗaya, ana kuma buɗe ta ga kowa in ta cika shekara ɗari. Ta 1921 an buɗe ta a 2022. Saboda haka jika yakan zauna a ɗakinsa ya shiga intanet, ya ga sunan kakansa yana ɗan shekara goma sha uku a cikin jerin yara ɗaruruwa.

Namu jiragen a tudu suka tsaya

Ba mu da teku a Rano, iyakar babban ruwan da muka sani shi ne Tiga. Amma mun yi gidajen da suka yi aikin da jiragen nan suka yi: a ɗauke yaro daga inda aka same shi, a sa shi a bayan shinge, a koya masa karatu da sana'a, a sallame shi da sabon suna.

Na farkonsu gidajen 'yantattun bayi ne. Tsofaffinmu sun ba da labarin zamanin da mahara daga Ningi suke faɗa wa kudancin Kano, Kanawa su ma su kai yaƙi duwatsun Ningi da Warji, kowane ɓangare yana kwasar mata da yara. Da Turawa suka zo, Gwamna Lugga ya yi doka cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, aka kuma hana cinikin bayi. Kano ta faɗa hannunsu a Fabrairun 1903. Amma fataucin yara bai tsaya nan da nan ba, ya koma ɓoye, musamman ta hanyoyin Adamawa da Binuwai da Barno. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake, waɗanda ba su san hanyar gida ba, gwamnati ta tara su a wani gida a Zungeru, watau Dungurum, da wani a Maifoni kusa da Maiduguri. Da yawa sun iso a rame da ciwo, da yawa kuma sun mutu. Waɗanda suka rayu aka koya musu kafinta da ɗinki da wanki da aikin lambu, aka riƙa raba su ga ma'aikatu da gidajen ma'aikata.

A 1909 aka miƙa yaran Zungeru ga mishan ɗin SUM, wadda ta gina musu gida a Rumaisha a bakin Binuwai, aka sa masa sunan Lucy Kumm, matar Dokta Karl Kumm da ta rasu a 1906. Daga baya gidan ya koma Wukari, aka rufe shi a 1925. Galibin yaran nan ba 'yan ƙasar Kano ba ne. Amma sun taso da Hausa a bakinsu bayan harshen iyayensu ya ɓace musu, suka watsu cikin Arewa suna aikin kafinta da kuku da koyarwa da wa'azi. Jikokinsu Hausawa ne yau, waɗansu ma ba su san akwai wani labari kafin wannan ba.

Na biyu shi ne labarin Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa sun watse kudu, wajen Ningi da iyakar Kano da Zazzau. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka je wurin Likita Miller na mishan ɗin CMS a birnin Zariya, aka kafa musu ƙauye a Gimi, aka ɗauki 'ya'yansu a makarantar kwana. Ciwon barci ya shiga Gimi ya yi ɓarna har ƙauyen ya tashi, yaran da suka rage suka girma a hannun mishan, wadda ta koma Wusasa a 1929. Mutanen Wusasa sun fi mu sa'a, domin an yi rubuce-rubuce da yawa a kansu.

Na uku shi ne wanda ya fi kusa da mu. A 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi kula da wuraren jinyar kuturta na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A lokacin babu magani mai warkarwa sosai, mutum yakan yi shekaru a wurin, ya yi aure, ya haihu. Bisa ga ilimin likitocin zamanin, akan raba jariri mai lafiya da mahaifiyarsa don kada ya ɗauka, a rene shi a wani ɗaki dabam. Yaran da suka tasa akan tura maza makarantar kwana ta Roni, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa, mata kuma Kabo. Masu son aikin bishara su wuce makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. A makarantun nan suka haɗu da marayun da uwayensu suka rasu wurin haihuwa, da 'ya'yan Maguzawa daga ƙauyuka. Da yawa daga cikin fastoci da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti na farko a ikkilisiyoyin ƙasar Kano ta wannan hanya suka biyo.

Abin da ya sa aka yi shiru

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Ba mantuwa ce kaɗai ta datse ƙirgar iyayenmu ba, da gangan aka datse ta. Kalmar bawa da kalmar kuturu zagi ne a bakin Bahaushe har gobe, uba kuwa ba ya son ya bar wa ɗansa abin gori. Sai ya haɗiye labarin ya tafi da shi kabari. Ba mu ga laifinsa ba. Amma yanzu an san kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba gado ba ce, tana warkewa, maganinta kuma kyauta ake bayarwa tun 1995. Yaron da aka sace yana kiwon awaki kuma, ina laifinsa? Sunan Yadakunya kansa yana gaya mana abin da ya kamata mu yi.

Haka kuma ba za mu ce duk abin da aka yi a gidajen nan daidai ne ba. An ceci rayuka, an ba da ilimin da ya ɗaga gidaje da yawa, wannan babu musu. Amma an raba uwa da jaririnta, an hana yara harshensu, an kuma mai da waɗansu barori a gidajen manya da sunan koyon aiki. Mai neman tarihin kakansa ya shirya zuciyarsa, zai tarar da mai daɗi da marar daɗi a shafi ɗaya.

Daga ina za a fara?

Kada ka fara da Kaduna, fara da ɗakin gwaggonka. Mata tsofaffi su ne ma'ajiyar labarin gida, sun kuma fi maza sakin baki in an bi su a hankali, musamman da rani bayan an gama aikin gona. Kada ka ce, "Gwaggo, Kaka bawa ne?" Za ta tashi ta ba ka wuri. Ka ce, "Gwaggo, wace irin tsaga ce a fuskar Kaka? In ya yi fushi da wane harshe yake faɗa? Wane nama ne ba ya ci? Su wa ke zuwa gaishe shi daga nesa, in an yi rasuwa wa ake aika wa?" Ka roƙi izininta ka ɗauki muryarta a waya. Ba za ta ba ka shekara da lamba ba, za ta ce kafin yunwar Kakalaba, ko zamanin Sarki Alhaji, ko shekarar da aka tashi mutane saboda Tiga. Kai ne za ka mai da su lamba: Kakalaba 1914 ce, Sarki Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, madatsar Tiga kuma an gina ta a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako.

Sa'an nan a buɗe adaka. Katin baftisma, da takardar aure, da katin asibiti, da rasit ɗin haraji, da tsohon hoto mai rubutu a baya, duk shaidu ne. A duba shafin farko na tsohon Littafi Mai Tsarki na gida. Tun da aka buga shi da Hausa a 1932, iyayenmu da suka iya rubutu sukan rubuta ranakun haihuwa da rasuwa a wurin.

Babbar wahala ita ce suna. Mutum ɗaya yakan zama da suna huɗu: na yanka, da na rana kamar Ɗanladi ko Ɗanjuma, da laƙabi kamar Tanko ko Barau, da na baftisma kamar Yohanna ko Bulus. A makaranta kuma akan liƙa masa sunan garinsu a madadin na uba, yadda aka yi wa manyan Arewa da yawa. Wannan taimako ne, amma yana da tarko. Idan ka ga an rubuta Yelwa a gaban sunan yaro, kada ka yi saurin murna. Turawa haka suke rubuta kowace Yalwa, akwai kuwa ta Yawuri, da ta Bauci, da ta Shendam, ban da tamu ta ƙasar Rano. Sai ka ga sunan gunduma ko na dagaci a gefe kafin ka tabbatar. Haka kuma Bature yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, saboda haka ka gwada kowace irin rubutawa. Ka rubuta dukan sunayen kakanka a takarda guda kafin ka fita daga gida.

Bayan gida sai ikkilisiya. Littattafan baftisma da na aure suna hannun fastoci da ofisoshin gunduma. Ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, kafin nan kuwa rajista a tashoshin mishan take. Makarantu da asibitocin mishan da yawa gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970, saboda haka takardunsu sun rarrabu, sai an yi haƙuri an bi sawu.

Sa'an nan Kaduna. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can tana riƙe da fayilolin zamanin Turawa, har da na Lardin Kano da rajistar bayin da aka 'yanta. Rahotannin haraji na gundumomi sukan ba da sunayen ƙauyuka da dagatai, ba na talakawa ba, amma suna taimakawa wajen gane ƙauyen da ya tashi ko ya sake suna. Gidan Arewa ma yana nan Kaduna, a Kano kuma akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Ka tafi da katin shaida da ɗan guziri, kada ka sa ran gamawa rana ɗaya.

Sauran takardun sun haye teku tare da masu su. Na CMS suna Jami'ar Bamingam a Ingila, na SUM reshen Birtaniya suna Jami'ar Edinbara, na SIM kuma suna Amurka. Ana iya rubuta musu wasiƙa ta intanet, a faɗi suna da tasha da kimanin shekara. Ɗaliban da ke jami'a su taimaki iyayensu da wannan. Su kuma nemi littafin Shobana Shankar na 2014 a kan asalin Kiristanci a ƙasar Hausa, wanda ya yi bayani a kan Yadakunya da Roni, da na Lovejoy da Hogendorn na 1993 a kan yadda bauta ta ƙare a Arewa.

Amma takardun da suka fi ba mu tsoro ba na Ingila ba ne, waɗannan suna ɗaki mai sanyi ana tsaronsu. Namu ne, waɗanda ke cikin kabad a bayan majami'a, ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, gara tana ci daga ƙasa. Mun san kuma akwai wuraren da wuta ta cinye su a lokacin tashin hankali. Muna roƙon sakatarorin ikkilisiya da shugabannin matasa su ware Asabar ɗaya kafin ruwa ya sauka, su ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi ɗaya wurin fasto, ɗaya a ofishin gunduma. 'Yan Zumuntar Mata kuma su rubuta sunayen tsofaffin da suka haura shekara tamanin a kowace ikkilisiya, a fara ziyara da su.

Wanda ya samo wani abu, ya fara kai wa manyan gidansu tukuna, gama labarin ba nasa ba ne shi kaɗai. In sun yarda a buga, ya rubuto wa wannan shafi, ya faɗi tashar mishan ɗin da kimanin shekarar, ko wani mai karatu a Gani ko Karaye ko Wukari yana riƙe da ɗaya rabin.